Fuskar Desa, Muryar Madam

A Kasimedu, unguwar masunta a birnin Chennai na Indiya, sai an ji Desarani kafin a gan ta. Tun tana 'yar mitsitsiya, in ta tsaya a kan gadar jiragen kamun kifi ta buɗe baki, masuntan da ke can bayan duwatsu sai sun waiwayo. Murya ce mai kauri, mai ɗan gurzawa a maƙogwaro, wadda iskar gishiri da hayaniyar gwanjon kifi suka gina. Mu dai a unguwar ba mu taɓa ganin aibunta ba. Inda injin jirgi ke ruri, hankaki na kuka, mata na ciniki duk a lokaci guda, mai siririyar murya da kifinta za ta koma gida.

Kakarta Kuppamma ce ta rene ta, wadda babba da yaro ke kira Aaya, wato kaka da Tamil, yaren garin. Uwar ta rasu Desa na goye, uban kuwa ɗan jirgin nesa ne, sai ya yi makonni a teku, ya dawo ya sha barci ya koma. Aaya ta yi shekara da shekaru tana sayar da kifi a bakin gada, har ciwon suga ya fara cin idonta. Da ganin ya ƙare ba ta bar kasuwa ba. Da yatsa take bambance kifin yau da na jiya, Desa kuma ta zama mai kiran masu saye. Abin da ya gagara shi ne zaunar da tsohuwar wuri guda. Da an tashi kasuwa sai ta ɗauki sandarta ta sulale, ko rumfar masu ɗinkin koma, ko wurin mai shayi, duk inda ta jiyo ƙamshin gulma. In abinci ya nuna, sai Desa ta hau kan wani kifaffen kwale-kwale ta kwaɗa kira.

"Aaya! Ina kika shiga?"

Daga wani lungu sai a jiyo amsa: "Ga ni nan, uwar ƙara! Ban mutu ba!"

Kullum haka, har yaran unguwa suka haddace, wani lokaci ma su riga tsohuwar amsawa ta bi su da sanda.

Muryar nan ce ta kai ta fim, ita ce kuma aka fara ƙwace mata. Wata safiya 'yan fim suka cika gada za su ɗauki faɗa, wani mai ɗauke da fitila ya ja da baya ya zurma ƙafa cikin kwandon jatan landenta. Desa ta wanke shi tas, tun daga shi har wanda ya koya masa tafiya. Aiki ya tsaya cak, kowa ya juyo. Mataimakin darakta bai ma saurari abin da take faɗa ba, fuskar yake kallo: manyan idanu, gira a haɗe, ga wani fushi da ya yi mata kyau. Kafin mako ya zagayo tana Kodambakkam, unguwar 'yan fim, sanye da sari na aro, tana tsaye gaban wani furodusa mai zobe a kowane yatsa.

Ya duba hotunanta yana gyaɗa kai, har da murmushi. Sai ta haɗa hannu ta gaishe shi. Saura kaɗan kofin hannunsa ya kife a kan farar rigarsa.

"Kada ki damu, 'yata," in ji shi da ya dawo hayyacinsa. "Ke dai ki riƙa motsa baki. Muna da masu magana."

Haka aikin yake a nan. Ba a ɗaukar magana a wurin wasa, saboda janareta da ham ɗin motoci da 'yan kallo ba za su bari ba. Sai an gama a shiga ɗaki a ɗora murya a kan hoto. Manyan jarumai maza su ɗora tasu, wa ya isa ya hana su. Sabbin 'yan mata kuwa aro ake ba su, don da yawansu daga wasu jihohi ake kawo su, ba sa jin ko gaisuwa da Tamil, ƙirga ɗaya biyu uku suke yi gaban kyamara suna hawaye. Desa da ta sha Tamil a nono, ita ma aka jefa ta cikinsu. Sunan ma bai tsira ba. Furodusa ya kai wa ɗan dubansa, ɗan duba ya lissafa haruffa ya ce Desarani ba zai ja kuɗi ba, a sa mata Swarnika. Da aka gaya wa Aaya sai ta ce ita ta ɗauka sabon sabulun wanka ne.

Duk da haka Desa ta so aikin nan, so na gaske. Ta so safiyar fara ɗauka, lokacin da ake fasa kwakwa gaban kyamara a shafa mata jan gari a goshi kamar amarya. Ta so abincin rana da ake zuba wa kowa a ganyen ayaba, ta so mai kwalliya da ke ba ta labarin kowa yana shafa mata hoda. Da farko ƙawar jaruma ce, aikinta riƙe lema da yin dariya in jarumi ya wuce. Ta yi rawa a layi na uku, aka matso da ita na biyu. Ta yi nas mai fitowa daga ɗakin tiyata ta girgiza kai. Daga nan aka gano tana da baiwar mutuwa, sai ta zama ƙanwar jarumi, wadda dole a kashe kafin hutun rabin fim domin yayan ya sami dalilin karya ƙasusuwan mutane. Mota ta banke ta, an ba ta guba a madara, an turo ta daga bene ranar aurenta. Matan Kasimedu suka yi ta kuka a silima, su fito su tarar da ita tana cin soyayyen kifi a ƙofar gida, su ce, "Desa, ke kam Allah ya yi miki rai da yawa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba. Fim ɗin farko da aka ba Desa magana mai ɗan tsawo, ta yi wa Aaya wanka da kitso, ta sa mata furen jasmin a gashi, ta ɗauko adaidaita har ƙofar silima. Suka zauna. Da wurin ya zo Desa ta matse hannun kakarta.

"Aaya, ga ni nan, ni ce na shigo."

Daga lasifika wata murya ta fito, siririya, mai zaƙi, kamar an jiƙa ta a ruwan sukari: "Yaya, ka dawo? Na yi kewarka."

Aaya ta karkata kunne. "Wace ce wannan?"

"Ni ce mana."

"Ke ce wa? Ke da na goya? Wannan ko kaza ba za ta kora daga shanya ba."

"Fuskata ce, Aaya. Muryar ce aka..."

"To ni fuska nake gani?" Tsohuwar ta ɗaga murya, na gaba suka juyo. "Suna ba naki ba, murya ba taki ba. Me kike yi a fim ɗin? Ku dai faɗa mini gaskiya, shara take yi musu?"

Mutane suka yi dariya, Desa ma ta yi. Amma abin ya soke ta ƙwarai. Duk Chennai na iya ganinta a bango, mutum ɗaya da ta fi so ta burge kuwa babu abin da ya isa gare ta. Aaya ta daure ta ƙara zuwa sau biyu ko uku, kullum muryar nan ce mai sukari, har ta rantse da uwar teku cewa ƙafarta ba za ta sake taka silima ba sai ranar da jikarta za ta yi magana a ciki. Tsohuwa ce mai cika rantsuwa, kuma shekaru sun ja, ƙafafun ma sun fara kumbura. Desa ta san ba ta da lokacin jira mai yawa.

Sai ga Ilamaran, wani matashin darakta mai gemu buzu-buzu da silifas ɗin roba, wanda ya gan ta tana mutuwa a wani fim ya ce yarinyar nan ta fi ƙarfin gawa. Ya ba ta jaruma sukutum. Labarin wata direbar adaidaita ne da ta kai kakarta bikin haikali a ƙauye, tsohuwar ta ɓace cikin taro, ta yini tana nema. Desa ta karanta ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai wannan ba sai an koya mata ba. Ta koyi tuƙi a lungunan Kasimedu, ta tura akuyar maƙwabta cikin kwata, ta ba da haƙuri. Wata biyu suna ɗauka a rana tsaka, ta yi baƙi ta rame, ba ta taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba.

Ranar gamawa aka kunna kafur a kan kabewa, aka zagaya da ita kan ma'aikata don korar mugun ido, aka maka ta da ƙasa. Kowa na tafi, ita kuwa ta bi Ilamaran har gindin motarsa.

"Yallaɓai, roƙo gare ni. Ka bar ni in ɗora muryata."

Ya sosa gemu. "An riga an kira Madam Pankajam. Ita ke yi miki tun farko, mutane sun saba."

"Gwaji ɗaya. In bai yi ba, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ya ba ta safiya guda. Desa ta shiga ɗakin ɗora murya ta tarar da abin da ba ta taɓa sani ba a rayuwarta, wato shiru. Bango duk katifa, ƙofa mai nauyi, ba teku, ba hankaki, har bugun zuciyarta take ji. Aka ɗora mata abin ji a kunne, aka sako hotonta a allo. Bakinta ne, amma ta kasa kama shi. In ta fara ya riga ya rufe, in ta gama yana nan yana motsi. Ga wata ɓarnar da ta fi wannan: shekarun da ta yi ana gaya mata muryarta ta gwanjo ce sun shige ta, sai ta matse maƙogwaro tana kwaikwayon mai sukarin nan. Abin da ya fito ba nata ba ne, ba na Madam ba ne, ya fi kama da kyanwar da aka taka wa wutsiya. Ta hango injiniya ta cikin gilashi yana cizon leɓe kada ya yi dariya.

Ilamaran ya danna maɓalli ya ce a hankali, "Ya isa, ƙanwata. Kin yi ƙoƙari."

Ta fito ta zauna a benci a baranda tana share ido da gefen gyale. Kusa da ita wata mata ce zaune, mai jiki, gashi ya yi furfura, gilashi a karan hanci, ta rungume fulas kamar jariri. Matar ta leƙo fuskarta ta ce, "Haba, haba. Da wannan leɓen na ƙasa kike fara kuka kullum, sai na sama ya biyo."

Desa ta daskare. Muryar ce. Muryar 'yar shekara sha takwas, tana fitowa daga bakin sa'ar uwarta. Duk finafinan nan ba su taɓa haɗuwa ba, don in ɗaya ta gama aiki ne ɗayar ke farawa.

"Madam Pankajam?"

"Ni ce, Swarnika. Na san bakin nan naki fiye da yadda mijin da za ki aura zai san shi. Sha ruwan zafi, da barkono a ciki. Me ya kai ki ɗakin can? Tuwona kike son ƙwacewa?"

Desa ta yi niyyar ba da haƙuri ta tashi, sai ta ji labarin Aaya na zubowa da kansa. Madam ta saurara har ƙarshe tana kurɓar ruwanta. Ta rufe fulas ta ce ranar Lahadi a dafa da ita, amma a sani ita 'yar unguwar Mylapore ce, daga gidan da ba a cin nama, ko ƙwai ba ta ci, balle kifi.

Ranar Lahadi ta sauko daga adaidaita da hankici a hanci, tana ɗaga gefen sari tana tsallake ƙayar kifi. Aaya na zaune a dakali tana tsinke ganye. Madam ta haɗa hannu ta ce, "Sannu da gida, Mama."

Hannun Aaya ya tsaya. Ta ajiye ganyen, ta lalubo sandarta.

"Sake faɗa."

"Na ce sannu da..."

"Ke ce! Na rantse ke ce! Ɓarauniyar bakin jikata! Ke ce kika ce 'Yaya, ka dawo', ke ce aka ba guba a madara, ke ce kika yi ta shesshekar nan a asibiti har kaina ya yi ciwo! Desa, riƙe mini ita!"

Desa ta ji kamar ta nutse don kunya. Madam kuwa ta zauna daɓas a dakali ta fashe da dariya, tana dariya tana share hawaye, har gilashin ya zamo. Da ta sami numfashi ta kamo hannun tsohuwar.

"Mama, shekara talatin ina wannan aiki. Na yi wa jarumai magana ba adadi, an ba su kyaututtuka, an yi musu tafi. In na je kasuwa ko mai tumatir bai san ni ba. Yau ne karo na farko da wani ya gane ni."

"To ai ba yabonki nake ba."

"Ko zagin ne, ƙaro mini."

Aaya ta yi ƙwafa, amma ta matsa mata wuri. Aka zuba wa baƙuwa shinkafa da miyar tsamiya da kindirmo a tukunyar da aka aro daga gidan da ba sa dafa kifi ranar. Kafin a gama ci sun zama ƙawaye, suna zagin furodusoshi tare. Desa ta shiga wanke kwanuka, ta fito ba Aaya, ta sulale kai wa masu ɗinkin koma labari da ɗuminsa. Ba tare da tunanin komai ba Desa ta haye kwale-kwalen nan ta kwaɗa kira.

"Aaya! Ina kika shiga?"

Hankaki suka tashi daga kan rufi. Daga can nesa amsar ta zo yadda ta saba. Da Desa ta sauko sai ta ga Madam tsaye da hannu a ƙirji.

"Wannan nake binnewa duk shekarun nan?" in ji Madam. "Ke, yarinya, me ya kai ki kwaikwayona a ɗakin can? Irina sun cika Kodambakkam. Gobe ki zo gidana."

Ta koya mata aikin kamar yadda ake koya wa yarinya girki, da faɗa da zungura. Kada ki kalli leɓe, leɓe maƙaryaci ne, kafaɗa za ki kalla, in ta ɗaga an ja numfashi, ke ma ki ja. Kada ki yi wa makirfo magana, ƙarfe ne, ki zaɓi mutum a bayan bango ki yi da shi. In Desa ta fara siranta murya sai ta ji bugun cokali a gwiwa. Saura yadda za a shawo kan Ilamaran, wanda ya riga ya sa ranar da Madam za ta shiga ɗaki.

Duk Kodambakkam an san Madam Pankajam ba ta shan abu mai sanyi. Ko a bikin 'yarta da fulas ɗinta ta je. To ranar aikin sai ga ta ta shigo situdiyo, Desa na biye, tana lasar askirim a kan tsinke, wani kuma na narkewa a ɗaya hannun. Injiniya ya miƙe tsaye. Ilamaran ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Madam! Me kike yi haka?"

"Na uku ke nan," ta ce, ta yi wani tari na ƙarya da ko yaro ba zai yarda da shi ba. "Muryata ta tafi hutu, ɗana. Ashe haka abin nan yake da daɗi, kuka bar ni shekara talatin? Ga mai bakin nan na kawo maka, in kana so. In ba ka so, ka jira ni wata guda."

Ilamaran ya dube ta, ya dubi Desa, ya yi dariyar wanda aka ci da yaƙi, ya nuna musu ƙofa. Madam ta shiga tare da ita ta tsaya a bayanta, hannu a kafaɗarta, in lokaci ya yi ta ɗan matsa. Suka fara da ƙananan maganganu, cinikin kuɗin mota, faɗa da ɗan sanda. Desa ta ji maganar na zama daram a bakin yarinyar da ke allo. Da aka zo wurin da direbar ta hau rufin adaidaita a tsakiyar taro, Madam ta raɗa mata, "Tana wurin masu ɗinkin koma, abinci na hucewa." Desa ta ja numfashi ta saki. Injiniya ya fizge abin ji daga kunnensa yana murza kunnen. Ilamaran kuwa gemunsa kawai yake ja, idonsa ya yi ja.

Amma darakta ba shi ne mai fim ba. Furodusan wannan fim ɗin, wani dattijo mai tsoron asara, ya saurara ya ce jaruma ai ba kwandastan bas ba ce. A ɓoye ya sa wata yarinya ta ɗora mai zaƙi, ya ajiye biyun, ya ce zai yi shawara. Ilamaran ya yi faɗa har ya gaji. Ana gobe fim zai fita ya gaya wa Desa gaskiya: bai san wadda aka tura silima ba, mutumin ya daina ɗaukar wayarsa.

Desa ta rasa yadda za ta yi. In ta kai Aaya aka ji muryar wata, ta karya wa tsohuwa rantsuwa a banza, kuma ba za ta ƙara yarda ba har abada. Ta zauna ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Aaya ta murza goron bakinta, sannan ta ce, "Ɗauko mini koren sarin nan. In ba ke ba ce, a kai ni gidan mutumin da sandata."

Nunin safe suka je, a tsohuwar silimar unguwa mai fankoki a rufi. Rabin Kasimedu na ciki, wasu ko wanka ba su yi ba daga gada, zauren duk ƙarnin kifi da turaren jasmin. Madam ta zo da fulas ɗinta ta zauna a hagun Aaya, Desa a dama ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Aka kashe fitilu. Samari suka yi ta fito da baki suna watsa yankakkun takardu. A allo adaidaita ta taho a guje ta ci burki, direbar ta leƙo ta dubi wani mai babur da ya tare hanya.

"Kai! Titin na ubanka ne?"

Zauren ya ɗauka da ihu. Wata mata a baya ta ce, "Wayyo, Desa ce! Haka ta yi wa mijina!" Hawaye ya zubo wa Desa ba shiri. Ta juya wurin Aaya.

Aaya ba ta juyo ba. Ta dai kama wuyan hannun Desa ta riƙe gam. Matar da ba ta taɓa barin fim ya yi minti biyu ba ta sa masa baki ba, yau ta yi tsit, kai a karkace, baki a ɗan buɗe. Aka yi hutun rabin fim, Madam ta miƙa mata gyaɗa, ba ta karɓa ba. Desa ta fara tsarguwa. Ko ba ta ji daɗi ba ne? Ko a lasifika muryar ta yi muni? Ta tambaya a hankali, tsohuwar ta ɗaga mata hannu alamar a bar ta.

Fim ya miƙe. Kakar cikin fim ta ɓace, direbar ta bi rumfa rumfa, ta tambayi masu ganga, ta tambayi masu sayar da fure, rana ta karkata. Kiɗa ya yi ƙasa. Ta taka tayar adaidaita ta haye rufi, ga taro har iyakar gani, ta sa hannu biyu a baki. Zauren ya yi shiru, sai kukan fankoki.

"Aaya! Ina kika shiga?"

Sai kujera ta yi ƙara. Kuppamma ta miƙe tsaye cikin koren sarinta, ta ɗaga sanda sama, ta amsa da iyakar ƙarfinta.

"Ga ni nan, uwar ƙara! Ban mutu ba!"

Silimar ta kusa rushewa. Masu dariya na yi, masu kuka na yi, samari sun hau kujeru suna tafi, mai tsaron ƙofa ya shigo da tocila a guje yana tambayar ko gobara ce. Madam Pankajam ta cusa fuska cikin hankici, kafaɗunta na rawa. Aaya na nan tsaye, hawaye na bin kumatunta, fuskarta na fuskantar lasifika.

Desa ta ja gefen sarinta, tana dariya tana kuka. "Aaya, zauna mana. Ga ni nan kusa da ke."

Tsohuwar ta buge hannun ba tare da ta juyo ba.

"Ke, yi mini shiru. Jikata na magana."